Yadda Garkuwar Jiki Take Yaƙar Maleriya, Ciwon Barci da Danginsu

Zazzaɓin cizon sauro, ciwon barci, cutar kala-aza da wani nau'in atuni duk suna da asali guda: wasu ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak suke haddasa su. Masana suna kiran waɗannan halittu da suna furotozuwa. Sun fi bakteriya da bairos girma, kuma ginin jikinsu ya fi kama da na ƙwayoyin jikin ɗan Adam, domin suna da cibiyar da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, suna motsi, suna kuma sauya siffa daga wani mataki na rayuwarsu zuwa wani. Wannan ne ya sa yaƙar su take yi wa jiki wuya fiye da yaƙar cututtuka irin su ƙyanda, wadda idan mutum ya yi ta sau ɗaya ya warke, da wuya ta sake kama shi.

Batun ya shafi Nijeriya fiye da kowace ƙasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da maleriya sau miliyan 263 a duniya, tare da mutuwar mutum kusan 597,000. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwar a Nijeriya ya auku, haka ma kusan kashi uku cikin goma na mace-macen. Mafi yawan waɗanda suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Dalilin da ya sa cuta ɗaya take kashe yaro amma ta bar mahaifinsa da ɗan ciwon kai da kasala yana cikin yadda ƙwayoyin garkuwar jiki suke aiki.

Rundunar da ke tsaron jiki

Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, kuma a cikin ɓargo ake samar da su. Masana sun kasa su gida biyu. Kashi na farko shi ne garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda take far wa duk baƙon abu cikin 'yan sa'o'i ba tare da ta taɓa saninsa ba. A cikinta akwai nutrofil, waɗanda suka fi yawa a jini kuma su ne suke fara isa wurin rauni. Akwai makrofej, manyan ƙwayoyi masu haɗiye baƙo su narkar da shi, waɗanda suke zaune a hanta, saifa, huhu da fata. Akwai ƙwayoyin dandiritik, waɗanda aikinsu ya yi kama da na 'yan leƙen asiri: suna gutsuro wani ɓangare na jikin baƙon su kai shi kaluluwa ko saifa domin a nuna wa sauran runduna. Akwai kuma waɗanda ake kira makasa na asali, masu hallaka ƙwayar jikin da cuta ta shiga. Wani masani ɗan Rasha, Ili Mecinikof, shi ne ya bayyana wannan ɗabi'a ta haɗiye baƙo a 1882, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1908.

Kashi na biyu shi ne garkuwar da ake samu ta hanyar koyo. Ita tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kankama, amma tana gane abokin gaba daki-daki, kuma tana riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Ƙwayoyinta su ne limfosayit, waɗanda suka kasu zuwa B da T. Ƙwayoyin B suna ƙera antibodi, wato wasu furotin da suke manne wa baƙo su hana shi shiga ƙwayar jiki, ko su yi masa alama domin makrofej su cinye shi. Ƙwayoyin T masu lamba CD4 su ne masu ba da umarni, masu lamba CD8 kuwa suna kashe ƙwayar jikin da baƙo ya ɓuya a cikinta.

Dukkansu suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira sayitokin. Mafi muhimmanci a yaƙi da furotozuwa su ne IL-12, wanda makrofej da dandiritik suke fitarwa a matsayin gangami, da intaferon-gama, wanda ƙwayoyin T da makasa na asali suke mayar da amsa da shi domin ƙara wa makrofej ƙarfin kisa, da TNF mai tayar da zazzaɓi, sai kuma IL-10 mai kwantar da tarzoma idan yaƙi ya lafa.

Maleriya daga fata zuwa jini

Wani likitan sojan Faransa, Alfons Laberan, ya fara ganin ƙwayar maleriya a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, sannan Ronal Ros ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Nau'in da ya fi kisa, wanda kuma ya fi yawa a Afirka ta Yamma, shi ne Falasmodiyom falsifarom.

Idan macen sauro ta ciji mutum, takan zuba 'yan tsirarun ƙwayoyin cutar a cikin fata. Wasu suna mutuwa a nan, wasu suna faɗawa hannun ƙwayoyin dandiritik a kaluluwa, sauran kuma su bi jini su isa hanta. Kowace guda da ta shiga ƙwayar hanta takan yi kusan mako guda tana hayayyafa har ta zama dubun dubata. A wannan mataki mutum ba ya jin komai. Ƙwayoyin T masu lamba CD8 suna iya gane ƙwayar hantar da ta kamu su kashe ta, sai dai lokacin gajere ne, kuma ƙwayoyin hantar da suka kamu kaɗan ne a cikin biliyoyi. Guda ɗaya idan ta tsira ta isa ta jawo cuta.

Daga hanta sai su kwararo cikin jini su shiga jajayen ƙwayoyin jini. Wannan maɓoya ce mai kyau a gare su, domin jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam ba su da alamar da sauran ƙwayoyin jiki suke ɗagawa su nuna wa ƙwayoyin T abin da ke cikinsu. A ciki suna cin sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, suna tara ragowarsa a matsayin wani baƙin gari. Bayan kimanin sa'o'i 48 sai jar ƙwayar ta fashe, sababbin ƙwayoyin cuta wajen 16 zuwa 32 su fito, kowace ta nemi wata jar ƙwaya.

Wannan fashewa ita ce take tayar da makrofej. Da zarar sun ci karo da baƙin garin nan da sauran tarkacen cutar, sai su saki TNF da 'yan'uwansa, waɗanda suke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da mai maleriya yake ji galibi aikin garkuwar jikinsa ne. Zafin yana rage saurin hayayyafar cutar, saboda haka yana da amfaninsa.

Babbar matatar jini ita ce saifa. Jinin da ya shiga cikinta dole ya ratsa wasu 'yan siraran kafofi, jar ƙwayar da ke ɗauke da cuta kuwa takan ƙage ta kasa wucewa, sai makrofej su cinye ta. Yawan wannan aiki ne yake kumbura saifar yara a yankunan da cutar ta yi katutu, har ma'aikatan lafiya suka daɗe suna amfani da yawan yara masu kumburarriyar saifa wajen auna ƙarfin maleriya a gari. Wanda aka cire wa saifa yana cikin haɗarin maleriya mai tsanani.

Inda kariya take zama ɓarna

Falsifarom tana da dabarar kauce wa saifa. Takan ɗora wani furotin mai danƙo a bayan jar ƙwayar da take ciki, sai ƙwayar ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini ta ƙi bin jini zuwa saifa. Idan mannewar ta auku a ƙwaƙwalwa, jini yana raguwa, bangon jijiyoyi yana kumbura, yaro ya shiga jijjiga ko doguwar suma. TNF yana ƙara wa bangon jijiyoyin danƙo, kuma binciken da aka yi a Malawi da Gambiya wajen 1989 da 1990 ya nuna cewa yaran da cutar ta fi tsananta a jikinsu sun fi yawan wannan sinadari a jini.

Ƙarancin jini ma yana da alaƙa da garkuwa. Jajayen ƙwayoyi masu lafiya da saifa take lalatawa a lokacin maleriya sun ninka waɗanda cutar ta fasa da kanta, sannan sinadaran kumburi suna rage wa ɓargo ƙarfin ƙera sababbi. Don haka jiki yana buƙatar daidaito: gangami mai ƙarfi da wuri, sannan IL-10 da ƙwayoyin T masu tsawatarwa su sassauta shi kafin ya yi ɓarna. Kowane allazi da nasa amanu. Garkuwar da ta yi sanyi tana barin cuta ta yawaita, wadda ta yi zafi da yawa kuma tana cutar da mai ita.

Dalilin jinkirin samun kariya

Jariri a yankin maleriya yana samun ɗan sauƙi a watanninsa na farko saboda antibodin da ya samu daga mahaifiyarsa tun yana ciki, da kuma irin jinin da ake haihuwa da shi. Da wannan kariya ta gushe sai ya shiga shekarun haɗari. Yaron da ya rayu yakan fara samun kariya daga mummunar cuta bayan kamuwa kaɗan, sannan kariya daga zazzaɓi bayan shekaru, amma kariyar da za ta hana ƙwayar shiga jini ɗungurungum ba ta samuwa. Manya da yawa suna yawo da ita a jininsu ba su sani ba, kuma sauro yana ɗauka daga gare su.

A 1961, Sidni Kohen da Iyan Makgirego da abokin aikinsu suka ɗebi antibodi daga jinin manya a Gambiya suka ba yara masu fama da maleriya, sai yawan ƙwayar cutar a jinin yaran ya faɗi warwas. Wannan ya tabbatar da cewa antibodi ne ginshiƙin kariyar manya. Dalilin jinkirin kuwa shi ne, furotin mai danƙon nan yana da kusan nau'i 60 a cikin ƙwayoyin gadon kowace ƙwayar cuta, kuma guda ɗaya take nunawa a lokaci guda. Da jiki ya ƙera antibodin wannan, sai wasu daga cikinsu su sauya zuwa wani. Ga shi kuma nau'o'in sun bambanta daga wannan zuriyar cuta zuwa waccan. Sai mutum ya gamu da iri-iri cikin shekaru kafin rumbun antibodinsa ya cika.

Ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya take dogaro da su a wannan fanni a ƙasar Hausa aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da aikin Garki a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jihar Jigawa. An yi ta gwada jinin dubban mutane, an yi feshin gidaje, an raba magani ga jama'a. An ga cewa ƙwayar cutar ta fi yawa a jinin ƙananan yara, tana raguwa da ƙaruwar shekaru. An kuma ga cewa a ƙauyukan da aka danne cutar, antibodin mutane ya ragu, kuma bayan an dakatar da aikin cutar ta dawo. Darasin shi ne, kariyar maleriya tana dusashewa idan jiki ya daina gamuwa da ita. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi shekaru a Turai ko wata ƙasar da babu maleriya, idan ya dawo gida, kada ya ɗauka cewa jikinsa yana nan yadda ya bar shi.

Mata masu juna biyu suna da nasu haɗarin. Akwai wani nau'i na furotin mai danƙo da yake manne wa mabiyiya kaɗai, kuma mace ba ta gamuwa da shi sai ta samu ciki. Saboda haka mai cikin fari ba ta da antibodinsa, sai cutar ta taru a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini ga uwa da haihuwar jariri maras nauyi. A ciki na biyu da na uku kariyar tana ƙaruwa. Wannan ne dalilin ba masu ciki maganin rigakafi a wurin awo, aƙalla sau uku, daga bayan wata uku na farko.

Kariyar da ake gada

A 1954, Antoni Alison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu rukunin jini AS sun fi jure wa maleriya. Bincike na baya ya nuna cewa haɗarin cuta mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100 a wurinsu, domin ƙwayar cutar ba ta girma sosai a jajayen ƙwayoyinsu, furotin mai danƙon ba ya fitowa daidai, kuma makrofej suna saurin cinye su. Wannan ne ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake ɗauke da wannan gado. Sai dai mai AS yana kamuwa da maleriya, mai SS kuwa, wato mai amosanin jini, tana iya hallaka shi.

Wani bincike da aka wallafa a 1996 daga Burkina Faso ya kwatanta Fulani da maƙwabtansu Mosi da Rimaɓe, waɗanda sauro yake cizo daidai da su. An samu Fulani da ƙarancin ƙwayar cutar a jini da kuma yawan antibodi, alamar cewa garkuwarsu tana mayar da martani da ƙarfi.

Ciwon barci da sammore

Tirifanosoma, wadda ƙudan tsando yake yaɗawa, ba ta ɓuya a cikin wata ƙwaya. A fili take iyo cikin jini. Jikinta yana lulluɓe da riga ta furotin iri guda, kimanin guda miliyan goma a jere. Ƙwayoyin B suna ƙera antibodin wannan riga su kashe mafi yawansu, amma kafin nan wasu sun sake riga daga cikin ɗaruruwan da suke da su a ajiye. Sai su hayayyafa, zazzaɓi ya dawo. Tun a 1910 aka lura da wannan hawa da sauka na yawansu a jinin wani majinyaci a Libaful ta Ingila, kuma a 1975 Joj Kuros ya bayyana furotin ɗin rigar. Kumburin kaluluwa a bayan wuya alama ce ta wannan dogon yaƙi, wanda yake gajiyar da ƙwayoyin B, har cutar ta ratsa zuwa ƙwaƙwalwa ta birkita barci. Shi ya sa har yanzu babu allurar rigakafinta.

Jinin ɗan Adam yana ɗauke da wani furotin mai suna APOL1 da yake fasa nau'in tirifanosoma na dabbobi, shi ya sa makiyayi ba ya ɗaukar sammore daga shanunsa. Nau'i biyu ne suka samu hanyar tsallake shi, ɗaya a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ɗaya a Gabas. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye na wannan furotin, waɗanda suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, suna ƙara kariya daga cutar, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba yana cikin ƙarin haɗarin ciwon ƙoda. A dabbobi kuwa, shanun Muturu da Ndama suna jure wa sammore fiye da shanu masu tozo irin Bunaji. Annobar ciwon barci a ƙasar Zazzau a shekarun 1930 ce ta sa aka tayar da mutanen yankin Anchau aka kafa garin Takalafiya, kuma cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa tana Kaduna. Yanzu waɗanda ake samu da ita a duniya ba su kai dubu ɗaya a shekara ba.

Masu zama a cikin makrofej

Lishmaniya, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da dare yake yaɗawa, tana barin makrofej ya haɗiye ta, sannan ta zauna a cikin jakar da aka tanada domin narkar da ita. Makrofej ba ya iya kashe ta sai ƙwayoyin T masu lamba CD4 sun aiko masa da intaferon-gama, wanda yake sa shi ƙera sinadarai masu guba. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa zuriyar da take mayar da irin wannan martani tana warkewa, wadda kuwa ta karkata ga martanin da ya dace da tsutsar ciki tana mutuwa. A jikin mutum, nau'in da ke tsayawa a fata yakan bar gyambo da ke warkewa da tabo, tare da kariya mai ɗorewa. Nau'in da ke shiga saifa, hanta da ɓargo, wato kala-aza, yana tafiya da yawan IL-10 mai kashe wa makrofej gwiwa, kuma kusan kowa yake kashewa idan ba a yi magani ba. Jihar Gadarif a gabashin Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune, tana cikin wuraren da ta fi addaba.

Tokzofilazma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, tana nuna wani ɓangaren. Intaferon-gama yana tilasta mata ta ƙudundune a cikin ƙwaƙwalwa da tsoka, inda take zama har ƙarshen rayuwa ba tare da wata alama ba. Idan ƙwayoyin CD4 suka faɗi ƙasa da 100 a ma'aunin asibiti, kamar yadda yake faruwa ga mai cutar ƙanjamau da ba ya shan magani, sai ta farka ta ci ƙwaƙwalwa. Masu zama a hanji kuwa, irin su amiba mai jawo atuni, wani nau'in antibodi da ake zubawa cikin majinar hanji ne yake hana su mannewa.

Abin da rigakafi ya cim ma

Allurar RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021, da R21 da ta biyo baya a Oktoban 2023, duka suna koya wa jiki ƙera antibodin da zai tare ƙwayar maleriya kafin ta isa hanta, wato kafin ta fara sauya riga a cikin jini. A gwajin da aka fara a Ghana, Kenya da Malawi a 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100. Nijeriya ta fara ba da R21 a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, sau huɗu ga kowane yaro, daga wata biyar da haihuwa. Antibodin yana raguwa da lokaci, don haka allura ta huɗu take da muhimmanci.

Kariyar allurar ba cikakkiya ba ce, kuma an tsara ta ne ta yi aiki tare da gidan sauro mai magani da maganin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina. Ƙwayar falsifarom tana iya ninkuwa sau da yawa a kowane kwana biyu, alhali antibodi yana buƙatar mako ɗaya ko biyu kafin ya wadata. Yaro mai zazzaɓi ba shi da wannan lokacin jira, saboda haka ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a gwada jininsa cikin sa'o'i 24, kuma idan an samu cutar a ba shi cikakken magani har ƙarshe, ko da zazzaɓin ya sauka tun a rana ta farko.